Zobe da Idon Mai Fenti

Asabar, 1 ga Maris

Yau Zobe ya cika wata bakwai a gidan nan. Bari in rubuta, tunda ba wanda zai taya ni murna. Ranar da na shigo da shi a leda, Tsohuwa, wato matata, ta ce ta ba shi sati biyu. Dogo mai walda, abokin aikina a gareji, ya ce kifin teku ba ya rayuwa a falo ko da zuma za ka zuba masa. To ga shi nan yana ta kai da kawo a tankin gilashinsa, ya ci jatan lande ya ƙoshi, har da yi mini gurnani. I, kifi yana gurnani. Wanda bai yarda ba ya zo ya kara kunnensa da gilashin.

Mai shagon kifi ya ce masu kiwo suna kiran irinsa mala'ikan teku. Tsohuwa ta ce a'uzubillahi, ba za a kira ɗan'uwan abin da ake soyawa da wannan suna a gidanta ba. Shi ya sa ya zama Zobe, saboda zoben fari da shuɗi da suka zagaye jikinsa kamar an jefa tsakuwa a ruwa. Shekara talatin da huɗu ina haɗa fentin mota, ban taɓa haɗa shuɗin da ya kama ƙafar nasa ba. Dalilin da ya sa na saye shi ke nan. Ba wai tsufa ne ya fara taɓa ni ba, kamar yadda nake jiyowa daga kicin.

Gwajin Asabar: gishirin ruwa daidai. Sai amoniya, gubar da ke taruwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Ruwa a 'yar kwalba, ɗigo takwas na wannan magani, takwas na wancan, a jira minti biyar, a kara da katin launi. Rawaya lafiya, kore guba. Yau rawaya. Aikin launi ne, wa za a gaya wa launi.

Talata, 4 ga Maris

Fitilar tankin ta fara rauni. Sau uku na goge gilashin ciki da waje, har yanzu akwai wani hazo-hazo. Na sayo sabuwa na sa. Tsohuwa ta shigo ta kare fuska da hannu, wai wannan ai ta isa ta haska filin ƙwallo. Ni dai ban ga wani bambanci ba. Kayan yanzu duk jabu ne.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yata Likita ta zo yini. Ma'aikaciyar jinya ce, amma tun tana 'yar shekara shida take manna wa 'yar tsanarta filasta, sunan ya bi ta. Ina zuba wa Zobe abinci sai na ji shiru a bayana. Na juya, ita da uwarta suna kallona.

"Baba, tsaya in ga idonka."

Kafin in ce wani abu ta haska ni da fitilar waya. Ta daɗe tana kallo. Wai yanar ido ce, duka biyun, na dama ya fi. Wai aikin minti ashirin ne, a cire a sa wani ɗan gilashi.

Na ce mata idon da ya ciyar da ita, ya kai ta makaranta har ta koyi haska mutane da waya, shi ne yau ba shi da lafiya? Mota ta shigo gareji, kallo ɗaya nake yi in ce ja kaza, baƙi kaza, ɗan ɗigon fari. Masu na'urar haɗa fenti ma suna aiko mini da abin da ya gagare su.

Tsohuwa ta ce, "Malam, jiya safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya ka sa ka fita."

Na ce da gangan na yi.

Ba inda zan je. Ba mai sa mini wuƙa a ido.

Alhamis, 20 ga Maris

Raina a ɓace yake.

Wata malamar makaranta ta kawo motarta shuɗiya, an goge mata ƙofar baya. Dogo ya buge lotsawar, na yi cike, na goge, na haɗa fenti a gwangwani kamar kullum, na gwada a murfin tankin mai, ya zauna. Na fesa. Yau ta zo ɗauka, ta zagaya motar sau biyu, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma ƙofar nan kamar ta wata motar ce."

Na ce rana ce ta ci tsohon fentin. Na ce ta ba shi sati biyu zai zauna. Na juya wajen Dogo don ya goya mini baya, sai na ga ya duƙa yana neman abin da bai ɓace ba a ƙarƙashin benci.

Da ta tafi ya zo yana sosa ƙeya. "Maigida, ba raini ba ne, amma da mun kai murfin wajen masu na'urar nan sun karanta mana." Dogo. Wanda ya zo hannuna bai san bambancin tinar tsinka fenti da kananzir ba, yau ga furfura a gemunsa yana ba ni shawarar na'ura. Na wanke bindigar feshi na rataye, na dawo gida da wuri na zauna gaban Zobe. Shi dai ba ya zagaya aikina sau biyu.

Juma'a, 21 ga Maris

Kamfanin fentin ne suka canja haɗinsu. Na tabbata.

Laraba, 2 ga Afrilu

Zoben jikin Zobe sun fara wargajewa. Na bayan wutsiya sun miƙe sun zama layi-layi. Na tsorata, na kira mai shagon. Ya yi dariya ya ce girma ne, Baba, haka suke, rigar yarinta yake cirewa, nan da 'yan watanni zai fito da ratsin rawaya da shuɗi da baƙin ƙyalle a ido kamar ɗan fashi. Ya ce in dai yana ci, ba komai.

Amma ni shuɗin nake ganin ya dusashe, ya koma toka-toka. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Autanka ya ƙara kyau, shuɗin nan har ɗaukar ido yake." Na ce ita da ba ta bambanta ruwan toka da ruwan ƙasa, ta bar wa masu sana'a magana. Na ƙara masa abinci, sau huɗu a rana maimakon biyu, ko launin ya dawo.

Ta kuma ce dodon koɗin da ke lashe gansakukar gilashi saura huɗu. Na ƙirga a gabanta: biyar. Ta ce na biyar ɗin dutse ne. Komai sai an yi mini musu a gidan nan.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bai ci ba. Ya zo ya shinshina jatan landen ya juya. Kumatunsa suna buɗewa da rufewa da sauri kamar wanda ya yi gudu. Ba gurnani.

Na gwada ruwa ko da yake jiya ma na gwada. Gishiri daidai. Amoniya rawaya. Zafi daidai. Injin tace ruwa yana aiki. To mene ne?

Litinin, 7 ga Afrilu

Na gano. Na dawo daga gareji da azahar, ina shiga na ji ƙamshin maganin sauro a barandar ɗakuna. Mai shagon tun ranar farko ya gaya mini: feshin sauro ajalin kifi ne, ɗan kaɗan ya sauka a ruwa an gama.

Na same ta tana ninke kaya. Na ce ta faɗi gaskiya, ta fesa a falo? Ta ce ba ta fesa ba. Na ce tun ranar da kifin nan ya shigo take jiran mutuwarsa, ita ce ta ba shi sati biyu, yanzu ta gaji da jira. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Shekara talatin da bakwai, Malam. Yau ni ce mai kashe maka abu a ɓoye?"

Na ɗauke gwangwanin maganin sauron daga kan kantar bayan ƙofarta, na kai gareji na kulle a akwatin kayan aikina. Sauro su cinye mu gaba ɗaya.

Abincina na tarar a rufe a kan tebur. Ba ta fito ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Kwana biyar bai ci ba. Da safe ya hau sama yana haƙi a bakin ruwa, yanzu ya koma gindin dutse ya jingina da gefe ɗaya. Kifin da in na shigo yake zuwa ya tsaya daidai fuskata.

Na sa gawayin tace ruwa don ya zuƙe feshin. Ba canji. Na sake kiran mai shagon, ya ce alamun nan duk na amoniya ne, in gwada. Na ce na gwada sau biyu yau. Ya ce wane launi? Na ce rawaya. Ya ce, "Ka tabbata, Baba?" Na ce ya tambayi duk mai mota a unguwarsu ko waye ni. Ya ce to shi kam bai sani ba.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ba mai karantawa. In kifin nan ya mutu, za su ce da ma sun faɗa, kuma ba abin da ya fi damuna ke nan ba. Ina son sa, shi ke nan.

Tsohuwa har yanzu daga "ga abinci" sai "a dawo lafiya".

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba. Bayana kamar an yi mini duka.

Da hantsi na yi gwajin Asabar. Na ɗaga kwalbar a bakin taga, kati a ɗaya hannun. Tsohuwa ta zo wucewa da tsintsiya, ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Kore ne."

Maganarta ta farko ta gaske a kwana biyar.

Na ce rawaya ne. Ta jingina tsintsiyar, ta karɓi katin daga hannuna, ta ɗora yatsa a kan gida na huɗu a jerin launukan. "Nan yake. Kore kamar ganye. Na jiya ma da ka bari a kan tebur kore ne, na shekaranjiya ma. Na yi shiru ne saboda ni ban san launi ba."

Na ce ramuwa take yi. Ana cikin haka Likita ta yi sallama, da ma ranar zuwanta ce. Na ce madalla, ga alƙali. Na kora uwar kicin don kada su haɗa baki, na wanke kwalbar, na sake ɗiban ruwa, na ɗiga, muka jira minti biyar. Na miƙa wa Likita.

Ba ta ko matsa kusa da taga ba. "Baba, kore ne sosai." Ta nuna gida na huɗu.

Na sake kallo. Na rantse da Wanda Ya halicce ni, rawaya na gani. Rawaya mai ɗan duhu, amma rawaya.

Tsohuwa ta fito ta tsugunna a gefen tankin, ta nuna bayan babban dutse. Ta ce in sa hannu nan. Na sa. Dodon koɗi na biyar, ya mutu ya ruɓe, ina fito da shi falon ya ɗauki wari har Likita ta toshe hanci. A ƙarƙashinsa abinci ne jibge, duk ƙarin da nake zubawa sau huɗu a rana, ya taru ya yi fari-fari. Kwana goma ina leƙa wurin nan, yashi kawai nake gani.

Ba lokacin magana. Akwai ruwan gishiri da na haɗa tun jiya a duro. Likita ta riƙe tiyo tana zuƙe ƙazantar, ni ina ɗaukar bokiti, Tsohuwa tana zuba sabon ruwan a hankali da kofi a kan faranti don kada ya tayar da yashi. Ban taɓa koya mata ba. Ashe tana kallo duk watannin nan. Rabin ruwan muka canja. Zaninta ya jiƙe sharkaf.

Da Likita za ta tafi na raka ta bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ka san tun da ka kawo kifin nan Mama ba ta taɓa fesa magani ba sai ta rufe ƙofar ɗaki ta cusa tsumma a ƙasanta? Ranar da ka ji ƙamshin ma haka ta yi."

Na ce ta gaida mijinta.

Ina ganin maganin gwajin ne ya tsufa, yana ba da launi tsaka-tsaki. Zan sayo sabo.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Yana da rai. Mun sake canja kashi ɗaya cikin uku. Na sayo sabon maganin gwaji. Hannuna a jiƙe yake, shi ya sa na ce Tsohuwa ta riƙe kwalbar. Ta ce gida na uku.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ya ci! Ɗan guntun jatan lande ɗaya, ya tofar, ya sake kamawa ya haɗiye. Na yi ihu har maƙwabciya ta aiko tambaya ko lafiya.

Tsohuwa ta ce gida na biyu, ya kusa rawaya. Hannuna ya sake jiƙewa.

Malamar makaranta ta dawo da motar, sati huɗu fentin bai zauna ba. Na ce wa Dogo ya kai murfin wajen masu na'urar, ba don komai ba, don ni ba ni da lokaci, ina jinyar kifi.

Talata, 29 ga Afrilu

Na je asibitin ido don kawai a rufe mini baki. Suka zaunar da ni gaban allon haruffa. Na karanta layi biyu na sama, na ce musu sauran fentinsu ya koɗe, su kawo in sabunta musu kyauta. Likitan idon, wata mata mai gilashi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta daina dariyar ta ce yanar ido takan sa mutum ya ga duniya kamar ta cikin ruwan shayi, shuɗi ya dusashe, kore ya koma rawaya, kuma a hankali take zuwa, mai ita ba ya sani. Ta tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ta ce, "Ayya, Baba."

Ban son ayya.

Sun ba ni 15 ga Mayu, idon dama. Na karɓi takardar saboda Likita tana tsaye a kaina. Karɓar takarda ba zuwa ba ne.

Laraba, 14 ga Mayu

Yayana ya shiga irin wannan aikin shekara ashirin da suka wuce, ya fito da ido ɗaya a duhu har ya koma ga Allah. Likita ta ce nasa ciwon daban ne, kuma aikin yanzu ba na da ba ne. Ita ai ba idonta ba ne.

Na zauna gaban tankin tun la'asar ina kallonsa, ko da a ce wannan ne na ƙarshe da ido biyu. Ya zo ya tsaya daidai fuskata ya yi gurnani, karon farko tun rashin lafiyar.

Na rubuta wa Tsohuwa yadda za ta ciyar da shi, sau biyu, kada ya wuce abin da zai cinye a minti biyu. Ta karanta ta ce layukan sun hau kan juna, kuma ta riga ta sani.

Zan je ne saboda an riga an sa suna. Ba kyau a ɓata wa mutane lokaci.

Juma'a, 16 ga Mayu

Sun cire bandeji. An ce kada in yi rubutu da yawa, kada in duƙa, kada in ɗauki bokiti.

Shuɗi ne. Ya Allah, shuɗi ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Dogo ya zo ya ɗauki bokitan canjin ruwa. Ya tsaya gaban tankin baki buɗe, mutumin da ya ce ko da zuma. Zobe yanzu rabi da rabi yake, wutsiya ta yi rawaya kamar ƙwaiduwa, ratsi sun fito a gadon baya, sauran zobe biyu a gefe ba su gama tafiya ba. Shuɗin kuwa bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Abubuwan da na gano a satin nan: fitilar tankin ta yi haske da yawa, na mayar da tsohuwar. Mayafin da nake ce wa Tsohuwa ruwan ƙasa ne, ruwan hoda ne. Kanta ya yi furfura fiye da yadda na sani, kuma ta yi mata kyau, ban dai gaya mata ba. Duk damtsenta cizon sauro ne.

Gwajin Asabar ni na yi da kaina. Rawaya tsantsa, gida na ɗaya. Da ta shiga kicin na ɗauki katin na rufe idon dama da tafin hannu, na duba da na hagu wanda ba a taɓa ba tukuna. Gida na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, duk kusan abu ɗaya, duk rawaya. Na buɗe na dama, ga kore nan ɓaro-ɓaro. Na rufe, na buɗe, na rufe. Da wannan idon na rantse. Da shi na tsaya a ƙofar ɗakinta.

Har yanzu ina cewa kamfanin fentin sun canja haɗi. Na hagu kuma sun ba ni wata mai zuwa, zan duba in ina da lokaci.

Na bi Dogo zuwa gareji da yamma, na ce masa zan duba wani abu a akwatina. Da na dawo tana sallah. Gwangwanin maganin sauron yana kan kantar bayan ƙofarta, inda yake a da.

Bayan magariba na ji ta rufe ƙofar ɗaki za ta fesa. Ni na tsugunna daga waje na cusa tsumman, duk da an ce kada in duƙa.